Abin da Mushe Ilyasu Ya Bar Mini a Gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai abokina Mushe Ilyasu makwancinsa, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban gama yarda da shi ba.

Ni maƙerin azurfa ne a unguwar Dagmanet. Lakol ɗina, wato karatun boko, bai wuce koyon tsayuwa a layi ba. Shi kuwa malamin lakol ne, abin da muke kira Mushe ke nan, amma maimakon ya dage wa yara da lissafi, sai ya riƙa karanta musu labaran ƙarya. In ya kai ga inda ɓarawo ya shiga hannu, sai ya rufe littafi, ya ce, "To, me ɓarawon nan yake ji a ransa?" Na ce masa, "Mushe, ɓarayi kake tara mana a garin nan." Ya ce, "Sha shayinka, Tanko."

Yanzu ga wasu baƙi masana sun zo cikin farar mota, wai sun gano karatun labari yana koya wa yaro sanin zuciyar mutane. An yi taro, an tafa. Ko da Ilyasu na nan zai tafa? Ina zaton tambaya zai yi: su wa za su zauna su saurari amsar yaran bayan motar ta tafi?

Ni dai na san ɓarnar abin, don 'yata Ramatu ɗalibarsa ce. Idona ya fara hazo, zanen zobe yana guje mini. Na ɓoye, don in masu saye suka ji, maƙerata ta mutu. Na daina kiran abokai shayi. Ban gaya wa kowa ba.

Rannan ta kawo mini abinci, ta zauna.

"Baba, mutumin da ke son hira ya kori abokansa. Fushi yake ko tsoro?"

"Wane mutum?"

"Wani maƙeri."

"Ke, tashi ki ba ni wuri!"

Ba ta tashi ba. Ba ta kuma kai maganar ga uwarta ba. Ta ce ita za ta raka ni wurin likitan ido, in an tambaya mu ce nata idon ne.

Ilyasu bai bar gida ba, bai bar raƙumi ba. Ya bar garin cike da mutanen da ba a iya yi wa ƙarya. Ko alheri ne wannan, ban yanke ba tukuna. Amma gobe da safe zan raka Ramatu asibiti. Idonta na damunta, baiwar Allah.