Baba Tsaye da Batura Goma Sha Biyu

Ƙarfe shida na safe ya riga ya ɗage ƙofar shago. Shagon ma dai suna ne kawai, don in mutum biyu suka shiga, na uku sai ya tsaya a waje. Teburi ɗaya ne a ciki, da durowa mai maƙalewa, da agogon bango da ya girme wasu daga cikin masu zuwa wurin. Akwai kujera, amma caja ce a kanta da tarin tsoffin tiyub, shi ya sa masu keken unguwar suke kiransa Baba Tsaye. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ɗaura wa kekunan ma'aikata fitila, tun ana yayin mai juyawa a jikin taya har aka zo kan tocila mai batirin caji. Wannan watan zai rufe shagon, kuma ba zai yiwu ya tafi shiru ba a ce masa sannu ba.

Mutum ne mara haƙuri, wannan kam ba a ɓoye yake ba. Yana magana yana yanka roba, yana faɗa yana ɗaure tocila a kan keke, in ka tsaya kame-kame ya juya ga na bayanka. Masu zuwa wurinsa masaƙa ne da masu gadi da masu gasa burodi, mutanen da duhu ke riska a hanya kuma aljihunsu ba ya ɗaukar fitila mai tsada. Ba ya raina ƙaramar tocila. Yakan ce biyu masu araha sun fi ɗaya mai tsada, don in ɗaya ta mutu ɗaya na nan. Ta gaba a sunkuyar da ita ta kalli ƙasa taki goma, kada ta kashe wa direba ido ya hau kanka. Ta baya a rufe ta da jar leda. In ka zo da batirin da aka rubuta wa manyan lambobi a jiki kana murna, sai ya kalle ka ta saman tabarau ya tambaye ka ko rubutun ne zai haska maka hanya.

Wuri ɗaya ne kawai gajen haƙurinsa ba ya shiga, wato wurin gwada batir. Da farko zai ɗora shi a tafin hannu ya ji nauyinsa, domin na jabu ba shi da nauyi. Sannan ya cika shi da caji, ya sa a tocila, ya kunna, ya jefa a durowa ya rufe, ya rubuta lokaci da alli a bango. Sai batir ya yi awa uku cur yana ci kafin ya bar shagon. Wani mai gasa burodi ya taɓa yi masa magiya cewa ya makara, a ba shi haka nan. Baba Tsaye ya cire tocilar kekensa ya ɗaura masa, shi kuma ya tura nasa keken da hannu har gida. Wani maigadi kuwa ya yi fushi ya tafi kasuwa ya sayo nasa, bayan kwana biyu ya dawo da ƙujewa a haɓa, ya ajiye tocilar a kan teburi. Tsohon ya buɗe durowa.

Baba, kai ne wanda ba ka taɓa barin mutum ya shiga duhu da abin da ba ka gwada ba. Shekara talatin da ɗaya, sai rana ɗaya. Wannan ranar ce dalilin wannan rubutu, kuma da ka san za a rubuta da ka hana.

A watan jiya aka rufe babbar gada don gyara. Ma'aikatan masaƙa da suka saba isa gida cikin minti ashirin a kan titi mai fitilu sai suka koma zagayawa ta tsohuwar hanya, tafiyar awa guda, babu fitila ko ɗaya. Ƙarshenta ne ma abin tsoro, inda hanya ta matse a gefen babbar magudanar ruwa, ba shinge, ga manyan motoci na wucewa. Ranar wata Litinin da safe mutum goma sha biyu suka yi cincirindo a ƙofar shagon, kowa na son batir kafin ya shiga aiki. A daidai lokacin ’yarsa, wadda yake kira Auta ko da yake ita ma tana da ’ya’ya uku, tana tsaye da jaka a hannu, ta zo kai shi asibitin ido. Yanar ido ce ta fara rufe masa ido ɗaya, sau biyu yana zille wa likita, ta kuma rantse ba za a yi na uku ba.

Akwai sabon kwalin batura da aka kawo masa da daddare, ya cika su da caji amma bai kai ga gwadawa ba. Ya ɗora ɗaya a tafin hannu, ya ji nauyi daidai. Ya ɗora na biyu, haka. Auta na duba agogo, masu keke na buga ƙararrawa. Sai ya ce a ransa, hannun da ya auna batir dubu ba zai yi masa ƙarya yau ba. Ya sa wa kowa, ya ɗaure, suka yi godiya suka wuce.

A asibiti ya kasa zaune ya kasa tsaye. Likita na haska masa ido yana tunanin durowa. Aka sa masa ranar aiki, aka kuma gargaɗe shi kada ya ƙara hawa keke da yamma. Ƙarfe biyar suka dawo. Ko takalmi bai cire ba ya ɗauki ɗaya daga cikin ragowar baturan, ya sa a tocila, ya jefa a durowa, ya rubuta lokaci. Ya share teburin da ba shi da datti, ya leƙa waje, ya dawo. Shida saura minti ashirin ya kasa daurewa ya ja durowar, ya tarar da ita baƙi ƙirin. Ya ɗauki filaya ya ɓare kan batirin a hankali, sai ga yashi yana zuba a kan teburi, a tsakiya kuma wani ɗan mitsitsin batir da bai kai ɗan yatsa ba. Masu jabun sun gane ana auna nauyi, sai suka cika da yashi.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfe bakwai za a tashi daga masaƙa, batirin minti arba'in zai yi, magudanar kuma tana minti arba'in da wani abu daga bakin ƙofa. Fitilar kowa za ta mutu ne a daidai inda aka fi buƙatarta. Auta ta ce a buga musu waya, ya tuna mata cewa a masaƙa a bakin ƙofa ake ajiye waya, shi kuma bai taɓa riƙe lambar kowa ba. Baturan da ya gwada guda bakwai ne kawai a shagon, su ma na wasu ne da ba su zo karɓa ba. Ya cire na rediyonsa, ya kwance fitilar shagon, ya zazzage fitilar da ke cikin jakar Auta, har suka cika goma sha biyu. Da ya ja keke ta sha gabansa.

"Baba, yanzun nan likita ya gama magana."

"Likita bai sa wa kowa yashi a tocila ba, Auta. Ni na sa. Matsa."

Ta matsa, tana hawaye tana masifa, ta ce in ya faɗi kada ya kira sunanta.

Ya isa bakin masaƙa bakwai saura kaɗan, numfashi na neman gagararsa. Bai jira a fito ba. Ya sa maigadi ya buɗe masa rumfar kekuna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gane nasa ɗauri, domin ba wanda ke ƙulla roba irin tasa. Da aka tashi, masu kekunan suka tarar da shi a durƙushe, sukudireba a baki. Goma sha ɗaya ya canja. Ya sake ƙirgawa, goma sha ɗaya dai. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Maigadi ya ce injin sashen su Dogo, mai keke na goma sha biyu, ya lalace, an sallame su tun shida da rabi. Ashe sun yi saɓani a hanya, idon tsohon bai gane shi ba. Dogo kuwa shekara ashirin ya yi cikin ƙarar injin saƙa, kunnensa ya tafi, ba ya jin waya, ba ya jin ƙaho, da fitila kaɗai yake gane hanya.

Matasa uku suka tashi a guje. Aka ce tsoho ya tsaya ya huta, ya ce da wa? Ya bi bayansu. Suka ɓace masa tun a kwanar farko, sauran suka sa shi a tsakiya suna haska masa gaba. Duhu ya sauka. Fitilun manyan motoci suna watsuwa a idonsa mai yana, ba ya ganin gefen hanya sosai. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ba don kansa ba. Duk feda ɗaya sai ya ga matar Dogo a ƙofar shagonsa tana tambayarsa wa ya sa wa mijinta batir.

A bakin magudanar suka tarar da fitilu uku a tsaye. Dogo na zaune a ƙasa, jiƙe har ƙirji, ya rungume hannun dama. Tocilarsa ta ɗauke ne a daidai lokacin da wata tirela ta matse shi, ya kauce inda yake zaton hanya ce, ya gangara. Allah ya sa ruwan bai da yawa, amma wuyan hannu ya karye. Yana ta ba su haƙuri, wai shi ne bai iya kunna tocilar daidai ba, kada a gaya wa Baba, zai ji ba daɗi.

Ga ƙofa a buɗe, da tsohon ya so fita. Mai rauni da bakinsa ya ɗauki laifin, ga masu jabu da za a iya ɗora wa komai, ba kuma wanda zai musa. Baba Tsaye ya durƙusa ya ce laifinsa ne. Dogo ya kawo kunne, bai ji ba. Ya maimaita, bai ji ba. Sai ya kafa baki a kunnensa ya ɗaga murya, har wani direba da ya tsaya kallo sai da ya ji.

"Ɗana, ni ne! Ban gwada batirin ba. Na yi gaggawa, na ba ka yashi. Ka yafe mini."

Dogo ya dube shi ya ce to Baba, a taimaka a ciro masa kekensa.

Baba, kai ne ka raka shi wurin ɗori, ka kuma tsaya gaban matarsa ka sake faɗin abin da ka faɗa, ta gaya maka maganganu masu zafi ka shanye. Washegari ka kai kwalin baturan tsakiyar masu keke ka ɓare su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga yashin da idonsa. Tun ranar ka daina gwada wa kowa batir. Duk wanda ya zo, shi zai cika caji, shi zai rubuta lokaci, shi zai jira awa ukunsa, kai kana gefe kana faɗa. Ka ce idonka ya gaji, hannunka kuma an gano shi, gara kowa ya koya tun kana nan. Yanzu a gidaje fiye da arba'in akwai durowa ko tsohuwar tukunya da tocila ke ci a ciki.

Mun gode, Baba. Allah ya sa a yi aikin idon nan a sa'a, ya saka wa Auta da ta jure ka. An cire wa Dogo ɗori makon jiya, ya koma bakin injinsa, ko da yake hannun yana yi masa tsami in an yi sanyi, kuma mun san kai ma yana yi maka.

Ku kuma masu karatu, makanike da mai haɗa magani da magini da mai ɗinki, kowa a cikinmu akwai ranar da ya yarda da hannunsa ya tsallake gwaji. Ba a ce kada ku yi kuskure ba, wanda ya fi ku ma ya yi. Amma in kun gano, kada ku zauna kuna addu'a Allah ya rufa asiri. Akwai wanda ya ɗauki kuskuren nan ya kama hanyar gida da shi, bai kuma sani ba. Ku tashi ku bi shi tun bai kai bakin ruwa ba.