Tsaga a Tsakiyar Bargo

Ba-zama ake ce mata tun tana yarinya, har ta yi jikoki sunan bai sake ta ba. Ko abinci a tsaye take ci. Shekara talatin da biyu ta yi a kamfanin ɗinka kayan ma'aikata, tana duba riguna kafin a naɗe su. Maɓalli ya karkace ko da ƙiris ne, daga nesa za ta hango, ta mayar wa mai keken. Da ta ajiye aiki sai gida ya yi mata ƙunci. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba, ta sauya wa kujeru wuri sau huɗu, har mijinta, tsohon direban bas, ya ce tsoron gyangyaɗi yake yi a falo, kar ya farka ya tarar an fitar da shi baranda.

Bargo ne ya cece su. 'Yarta ta biyu, ma'aikaciyar jinya, an ce za a mayar da ita wani gari mai sanyi a ƙarshen shekara. Ba-zama ta kwance buhunan ƙyallayen da ta daɗe tana tarawa, ta yayyanka, ta haɗa su gida-gida, ta shimfiɗa auduga a tsakiya da yadi a baya, ta bi da allura da hannu. Wata goma sha ɗaya tana abu ɗaya. Ran Talata ta ƙulle zaren ƙarshe, ran Asabar 'yar za ta tafi.

Da wata ce, da ta naɗe ta ajiye. Ita kuwa ran Laraba da hantsi ta sake baza shi a kan gado, ta ɗauko babban almakashi tana bin guntayen zare. A tsakiya, kan wani shuɗin ƙyalle, ta ga wani abu ya miƙe. Ta kama da yatsu biyu ta datse. Ƙarar ce ta fara gaya mata: zare ba ya irin wannan kukan. Bargon da kansa ta tattaro. Tana saki tsaga ta buɗe baki, tsawon ɗan yatsa, auduga ta leƙo.

Salatinta ya kawo mijin da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Wuta ce?"

"Gara wuta, Malam. Duba!"

Ya sunkuya ya duba. "Wannan ɗin? Ki juya shi ta bango mana, wa zai gani?"

"A tsakiya yake! Ka taɓa ganin an juya tsakiya ta bango?"

Ta ɗauko allura. Sau bakwai zare yana wuce kafar allurar, sai da mijin ya zura mata. Ta ɗinke a tsaye, wurin ya tattare kamar bakin jaka. Ta farke, tsagar ta ƙara tsawo. Ta fita baranda, ta dawo, ta ɗora ruwan zafi ta mance da shi, ta sake dawowa.

"Ki kai wa Auta," in ji mijin.

Auta ƙanwarta ce, mai gyaran tufafi a wani ɗan lungu bayan shagon wanki da guga. Tun suna yara Ba-zama take mata gorin sanyin jiki, wai kafin ta ɗinka aljihu ɗaya mai wandon ya tsufa. Ta ce ba za ta je ba. Minti goma bayan nan tana cikin bas, bargon a babbar leda kan cinyarta. Cunkoso ya tsayar da su, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa.

Auta ta share tebur, ta shimfiɗa bargon, ta daɗe tana shafa shi.

"Akwai ragowar shuɗin, Yaya?"

"Ko ƙiris babu. Ki yi sauri mana."

"To zauna."

Ba ta zauna ba. Tana kai da komo tsakanin injin wanki da ƙofa, Auta ta warware ɗinkin da ke kewaye da tsagar, ta haɗa bakin audugar da farin zare, ta cusa siririn ƙyalle a ƙarƙashi don ya riƙe. Sannan ta lanƙwasa gefen tsagar ciki kaɗan-kaɗan, tana ɗaukar zare ɗaya daga nan, ɗaya daga can, har bakin ya rufe. Ta mayar da layin ɗinkin ta cikin tsoffin hujojinsa. Awa biyu da rabi.

"Wanda ya san wurin zai gani," ta ce. "Wanda bai sani ba sai ya sa hanci."

Ba-zama ta kai hannu za ta naɗe, Auta ta danne bargon.

"Yaya, wane gefe kika ɗinka a ƙarshe?"

"Wancan. Me ya yi?"

"Nan ɗinkinki ne, na san shi, kamar an auna. Can kuwa wani dogo, wani gajere, layi yana yawo. Ke da kika sa ma'aikata kuka a kamfani saboda maɓalli. Tun yaushe?"

Ba-zama ta saki bargon. Ta jawo kujera.

"Tun wata biyar," ta ce a hankali. "Kamar hayaƙi a idona. Ina gogewa, ba ya tafiya. Kar ki gaya wa kowa."

"Wallahi sai na faɗa."

Kafin Ba-zama ta isa gida Auta ta buga wa 'yar tata waya. Ran Juma'a aka kai Ba-zama asibiti tana mita, likita ya ce yanar ido ce, idon dama ya fi. 'Yar ta tafi ran Asabar da bargonta, ta bar wa babanta takardar ranar aikin idon da dogon gargaɗi.

Bayan wata guda aka yi aikin. Washegari da aka cire bandeji, Ba-zama ta ƙifta ido, ta dubi tagar ɗakin, ta dubi Auta, sannan ta tsaya a kan mijin da ke riƙe da jakarta.

"Malam," ta ce, "ashe haka ka tsufa ba wanda ya gaya mini?"