Yadda Malam Sadisu Ya Sa Na Juyo

Tun asuba ake marka a ranar, irin ruwan nan na watan Agusta da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Na isa cibiyar koyon sana'a da ke Ajingi da buhu a kaina, na buɗe ɗakin kafintoci, na zauna. Ɗalibai ashirin da biyu aka ba ni a farkon zango. Ranar nan huɗu suka zo.

Na ce a raina ai damina ce, kowa yana gona, hanya kuma ta zama taɓo. To amma katanga ɗaya ce tsakanina da ɗakin kanikawa, kuma daga can dariya nake ji da ƙarar inji. Na leƙa ta taga. Ɗakin cike yake, jiƙaƙƙun takalma jere a bakin ƙofa, har da na yaran Toranke da suka tako a ƙafa. A cikinsu na hangi jikana Yusuf, wanda ni da kaina na kai sunansa ajina.

Malamin ɗakin shi ne Malam Sadisu, kuma labarinsa nake so in bayar, ko da yake ba zai bayu ba sai da nawa abin kunyar a ciki.

Mutumin Gafasa ne, ɗan manomi. A haife na haife shi. An ce tun yana ƙarami ya kwance injin ban-ruwan mahaifinsa don ya ga abin da ke kuka a ciki, ya sha duka, washegari ya mayar da shi ya tashi. Ya yi gareji a Gaya, ya je Kano ya ƙaro ilimi, ya dawo. Gajere ne, mai saurin magana, kullum da baƙin mai a gefen hularsa. In ya shigo aji ba ya zama. Sai ya tayar da inji ya ce kowa ya rufe ido. "Me yake ce muku? Yunwa yake ji ko mura?" Wani ya ce filogi ne, wani ya ce kafireta. Wanda ya dace sai ya daka tsalle ya kama hannunsa kamar an yi masa haihuwa. Wanda ya kuskure sai ya miƙa masa sifana ya ce, "Buɗe ka ƙaryata kanka."

Yana da wata dabara. Kafin ɗalibai su iso sai ya lalata inji da gangan, ya toshe nan, ya sassauta can, ya bar su su gano. Na san wannan sarai, don da bakinsa ya gaya mini yana murna.

Ni ba haka na koya ba. Sunana Gwadabe, karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, aikin hannuna ne ya sa aka ɗauke ni. A wurin marigayi maigidana a Gaya, shekara uku na yi ina shara da miƙe tsofaffin ƙusoshi. In zai wasa zarto, ko zai yanka haɗin ƙafar teburi, sai ya juya ya fuskanci bango, ya ba mu baya. Yakan ce sana'a satarta ake yi da ido, wanda bai iya sata ba bai cancanta ba. Haka duk kafintocin zamaninmu suke. Ni ma da aka ba ni aji haka na yi. Ban tsaya na lura cewa ni shekara bakwai na samu ina sata, su kuwa wata shida kawai gare su.

Da yamma na tare Yusuf a zaure na ce, "Kai, wa ya ba ka izinin sauya aji?"

Ya ce, "Tsoho, wata biyu ina ajinka, ƙeyarka kawai na haddace. In an kawo jarrabawar ƙeya ni zan zo na ɗaya."

Wasan jika ne, na yi dariya. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Mako guda bayan haka shugaban cibiya, Malam Muhammad Bashir, ya sanar da mu cewa duk ajin da ɗalibansa ba su kai goma ba a ƙarshen wata za a rufe shi. Ajin nan shi ne ya rage mini. Gwiwata ta daina hawa rufi, kuma a gari an fara kirana Malam, abin da ban taɓa zato ba.

Maimakon in duba kaina, sai na bi shugaba ofishinsa. Na ce hayaniyar Sadisu ce ke janye yara, ba shi da kamun kai irin na malami. Shugaba ya ci gaba da duba takardunsa. Da na ga maganar ba ta yi nauyi ba sai na ƙara da cewa yana lalata injinan gwamnati da hannunsa. Ban yi ƙarya ba, amma na bar rabin gaskiyar a aljihu. Nan ne ya ɗauki biro.

Kwana uku bayan haka sai ga Sadisu a ƙofata, da zarto a hannu, ɗalibansa na biye da shi.

"Baba Gwadabe, a taimaka. Benci muke so mu yi na ɗora inji, zarton nan kuwa ko kabewa ba zai yanka ba."

Na karɓa, na ɗauki magagari, na juya na fuskanci bango yadda na saba. Sai na ji motsi. Mutumin nan ya zagayo ya kutsa tsakanina da bango, ya tsuguna cikin garin katako yana kallon hannuna.

"Baba, ni fa idona ba ya ratsa baya. Me ya sa kake tsallake haƙori ɗaya?"

Na ce, "Haka ake yi."

"To wa ya hana a bi su a jere? Hukuma?"

Yara suka kwashe da dariya. Na ce ai haƙoran zarto ɗaya dama yake kallo, ɗaya hagu, don ya buɗa wa kansa hanya, in ba haka ba katako ya riƙe shi.

Ya miƙe zumbur. "Kun ji? Shekara nawa ina riƙe zarto ban san wannan ba! Ku matso! Baba, don Allah juyo, wurin nan ya yi mana kaɗan."

Na juyo. Shekara arba'in ina sana'a, ranar ce na fara wasa zarto fuskata na kallon mutane. Sadisu ya yi ta jefo tambaya, ni kuma bakina ya buɗe. Na gaya musu yadda ake gane ɗanyen katako da ƙwanƙwasawa, da dalilin da ya sa gara ba ta son maɗaci. Na yanka haɗin bencin ba ƙusa, na ce wani ya hau ya yi tsalle. Haɗin bai motsa ba. Sai da aka kira azahar muka tashi. Ashe ina son aikin nan, ban taɓa barin kowa ya gani ba.

Washegari na ba kowane ɗalibi zarto a hannunsa. Labari ya zaga. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Ranar ƙidaya muna da goma sha uku, aji ya tsira. Yusuf bai dawo ba, ya ce shi inji ya riga ya shiga jininsa.

Duk tsawon lokacin nan ban koma ofis na gyara maganata ba. Matata Lami, da na gaya mata, ta ce, "Malam, ka je tun rubutun bai bushe ba." Kullum sai in ce gobe. Ina ganin tunda shugaba bai sake tayar da zancen ba, ya wuce. Ashe takarda ta riga ta tafi sama. Da zango ya ƙare aka sabunta wa kowa aiki ban da Sadisu. Sai a ranar na je na faɗi sauran rabin. Shugaba ya dube ni ya ce, "Baba, da ka zo da wannan tun a Agusta."

Wanda aka kawo a madadinsa mutumin kirki ne, amma daga littafi yake karanta musu, yana zaune. Kafin wata uku rabin ajin ya watse.

Na je Gaya wurin Sadisu sau biyu. Zuwan farko na zauna, na sha ruwa, na yi zancen gyaɗar bana, na taso. Zuwa na biyu na faɗa masa abin da na yi, idona a ƙasa.

Ya ce, "Na sani, Baba. Washegarin ranar da ka je ofis shugaba ya kira ni."

Na ce, "Ka sani, kuma ka kawo mini zarto?"

Ya goge hannu da tsumma. "To ai zarton ya dakushe da gaske. Kuma yara goma sha takwas da suka bar ajinka, gida za su zauna. Wallahi na ji haushinka, har yanzu ma da saura. Amma ka ci abinci tukuna."

Na kasa ci. Ya ce ya yafe, na gode masa, sai dai yafiya ba ta mayar masa da ajinsa ba.

Ni har yau ina cibiyar, na jawo teburina tsakiyar ɗaki. Malam Sadisu yana Gaya, a wata rumfar kwano kusa da tasha, yana gyaran injin ban-ruwa da na markaɗe. Yana da masu koyo tara, Yusuf na cikinsu. Bencin da muka yi ranar nan yana ɗakin kanikawa a Ajingi.