Zaɓi na Huɗu

Jiya ɗalibata ta tambaye ni ma'anar "enum", wato rufaffen jerin zaɓi a manhajar kwamfuta, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mini rubuta manhaja lokacin mulkin soja, a wani ƙaramin asibiti a Kiru, cikin ɗaki mai warin hayaƙin janareta.

Wata rana a can, na rubuta jerin halin majinyaci: yana kwance, ya warke, an tura shi Kano.

Kawu ya ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar da farce. "Jerin nan rufaffe ne, ɗana. Abin da ba ka sa ba, manhaja ba ta san shi ba. Ina waɗanda muke yi wa sutura?"

Na ƙara "ya rasu".

Da damina ta zagayo, ni na zaɓa wa Kawu wannan na huɗun da hannuna.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu.