Gwajin Galan a Hanyar Beli

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, motoci biyar gare ni a filina na bakin titi a Ƙaraye. Uku ƙanana, biyu manya masu silinda shida, 'yan Kwatano, waɗanda na sayo da murnata wata biyu kafin abin ya faru. A da babbar mota ita ce kaya. Mai saye zai buɗe bonet, ya saurari ƙugin inji, ya tambayi ƙarfinta a tudu, shi ke nan. Cikin mako guda tambayar ta sauya. Kowa ya zo, ko gaisuwa ba mu gama ba sai ka ji ya ce, "Alhaji, yaya cikinta?" Biyu daga ƙananan suka tafi nan da nan. Ɗaya daga manyan na sayar da faɗuwa. Ɗayar ta zauna mini, baƙa mai dogon baya, kullum ana wanke ta ba mai ko tayawa.

Akwai wani malamin kimiyya, ɗan Yammedi, da ke biyowa rumfata bayan la'asar. Shi ne ya fara karanta mini wata tsohuwar takarda da na samu a aljihun gaban baƙar motar. Ya ce a ƙasar da aka fara sayar da ita, gwamnati ce ke tilasta wa kamfani ya rubuta yawan man da mota ke sha, kuma akwai iyakar da aka gindaya wa masu ƙera motoci. Ya ce da mu ma za a yi haka, a hana shigo da masu zuƙar mai da turnuƙe gari da hayaƙi, da an huta.

Na ce, "Malam, in an hana, wa zai saya wa mutumin Rogo sabuwa? Kai?"

Ya ce, "To huhun 'ya'yanka fa, Alhaji? Ka tsaya a tasha ranar kasuwa ka shaƙa ka ji."

Na ce na shaƙa shekara talatin, ga ni nan. Ya ce shi ya sa nake tari kamar tsohon janareto. Aka yi dariya. Haka muke yi kullum, ba wanda ke kayar da wani. Ra'ayina a lokacin, kuma har yau bai motsa sosai ba, shi ne aljihu ya fi doka saurin gyara mutane. Abin da takardar gwamnati za ta yi shekaru ba ta yi ba, farashin lita ya yi shi a kwana bakwai, a gaban idona.

Ana cikin haka wata Laraba sai ga tsohon maigidana ya sauka daga kan ɗan acaɓa. Mutumin Beli ne. Shi ya ɗauke ni ina karen mota, shi ya ɗora hannuna a kan sitiyari, kuma a gidansa na ci tuwo shekara huɗu. Ya daɗe da barin tuƙi ya koma gona, amma taki ya yi tsada, gwiwa ta fara ba shi wahala, ga iyali. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi gida da gona da mutanen Beli ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya sha ruwa sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu da gyaɗar bana duka. Mota yake so, ya riƙa jigilar mutane da hatsi daga Beli zuwa Rogo, wani lokaci har Ƙaraye.

Tun kafin ya rufe baki idonsa yana kan baƙar. Ya miƙe ya zagaya ta, ya daki taya da ƙafa, ya sa aka tayar. Da injin ya yi gurnani sai fuskarsa ta washe.

"Wannan ita ce mota," in ji shi. "Waccan ƙaramar kuma fa? Ta matarka ce ta zuwa unguwa?"

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Ga mai saye da kuɗi a hannu, ga kayan da ya maƙale mini a wuya, kuma shi ya zaɓa da kansa, ban ce masa komai ba. Amma na san mutumin nan ba shi da wasu shanun da zai sake sayarwa. In motar ta cinye abin da ta samo a hanya, ya rasa gonar ya rasa tuƙin.

Na ce, "Baba, tana da ciki fa."

Ya ce, "Kai, ni za ka koya wa mota? Ina tuƙi kana yawo ba wando. Ƙafar direba ce ke shan mai, ba inji ba. Mu gwada ta ka gani."

Mu dillalai muna da yadda muke gwajin mai. A cika tanki har baki, a yi tafiya a dawo, sannan a kira ɗan bumburutu ya sake cikawa da galan a gaban mai saye, kowa yana gani. Abin da ta ɗauka shi ne abin da ta sha. Ba ƙarya a cikin wannan. Sai dai dillali shi ke tuƙi, daga shi sai mai saye, bayan mota ba ko buhu ɗaya. An ba tayoyi iska sun yi tauri, an kashe na'urar sanyi, a bi kwalta zalla, kuma duk gangare a sake ta a firi. Da haka ko jaki ka gwada sai ya yi maka kamar barewa. Na yi wannan gwajin ba sau ɗaya ba, kuma na iya shi fiye da kowa a layinmu.

Na ce masa na yarda a gwada, amma ba irin namu ba. Shi zai tuƙa. Za mu ɗora mata abin da zai riƙa ɗora mata, mu bi hanyar da zai riƙa bi. Gobe baƙar, jibi kuma mu yi wa ƙaramar haka.

Ya kalle ni ya ce, "Ashe akwai irin naku da irin na mutane?"

Na ce, "Akwai, Baba."

Washegari da hantsi na aro buhu huɗu na masara wurin wani maƙwabcina mai sayar da hatsi. Muka cika bayan baƙar, aka cika tanki har baki. Malamin kimiyya ba shi da darasi sai ya ce da shi za a je, da takardarsa a hannu. Na ƙara da mutum uku daga 'yan majalisar rumfata, na zaɓi masu jiki da gangan. Muka tashi daga Ƙaraye muka yi Rogo, daga nan muka sauka kwalta muka nufi Beli. Baba yana tuƙi yana yabon motar kamar amaryarsa. Gaskiya ta yi tafiya. Ramuka ta haɗiye su, yashi ta keta shi ba ko tangarɗa. A Beli ya tsaya ƙofar gidansa ya danna ham sau uku don a fito a gani.

Da muka dawo Ƙaraye aka kira mai galan. Ya juye na ɗaya, na biyu, na uku. Baba yana tsaye ya goya hannu a baya. Aka juye na huɗu tanki bai ce komai ba. Sai da na biyar ya kai rabi sannan mai ya leƙo baki.

Ɗaya daga cikin masu jikin nan ya ce, "Baba, wannan ai ba mota ba ce, rijiya ce."

"Nauyinka ne," in ji Baba. "Kai kaɗai galan guda ne."

Rana ta biyu muka ɗora wa ƙaramar buhunan nan da mutanen nan, kowa a kujerarsa ta jiya. Ta sha wuya. Sau biyu cikinta ya gurji ƙasa a hanyar Beli, sau ɗaya sai da muka sauka muka tura ta a yashi, Baba yana ta zaginta, ni ma yana haɗawa da ni. Amma da aka zo cikawa, galan biyu da rabi ta ɗauka ta ce ta ƙoshi.

Malam ya yi ta lissafi a bayan takardarsa. Na ce masa ya faɗa mana gaskiya, abin da baƙar ta sha ya yi daidai da abin da Turawa suka rubuta? Ya ce a'a, ta zarce sosai. Na ce to ka gani, sun auna a titinsu, ba su san hanyar Beli ba, ba su san buhun masara ba. Ya ce haka ne, amma da kowace mota na zuwa da irin wannan takarda, da ko ba a sha wahalar kwana biyu ba an san wadda ta fi ci, kuma da dillali bai samu damar yin irin nasu gwajin ba. A nan ya same ni. Ni kuwa ba na musu a kan abin da na san gaskiya ne.

Baba ya bar mu da gardamarmu. Ya zauna a benci yana kallon galan ɗin da aka jera. Ya san kuɗin mota daga Beli zuwa Rogo, ya san mutum nawa zai ɗauka, ba ya bukatar kowa ya yi masa bayani. Can ya kira ni da hannu, na je na tsuguna.

Ya ce, "Da ka yi shiru da ka rabu da ita."

Na ce, "Da na rabu da ita, Baba."

"Sakarai," in ji shi, a hankali. Sannan ya ce ƙaramar zai ɗauka, amma sai na kai ta wurin makaniki an ɗaga mata ƙafa, an ƙara mata ƙarfin baya, don ba zai riƙa sauke mata da tsofaffi suna tura mota a yashi ba. Na ce wannan a kaina. Ya miƙe da ƙyar, ya karɓi makullin, ya juya shi a tafin hannunsa.

Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Mutanen Beli sun riga sun ga baƙar. In wani ya tambaye ka, ka ce kulocinta ne ya yi wa gwiwata tauri."

Na ce haka zan faɗa. Kuma duk wanda ya tambaye ni, haka na faɗa masa.