Barcin Ranar Inna da Ɗan Farina

Da na gama wankan jego a gidanmu a Birchi, aka maido ni ɗakina a Dabawa, yaro a baya, kayan gara a kan jakuna. Turawa ba su daɗe da tafiya ba a lokacin, ni kuma ƙuruciya na cina.

Yaron ɗan farina ne. Dangin mijina kuwa jinin Fulani ne, Fulatancin ya tsere musu amma kunyar tana nan daram. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka sai ta ɗauke kai kamar na maƙwabta ne, har sai wata babba ta ɗauko shi ta dangwara mata a cinya, sannan ta ba shi nono tana ɓata rai. Na ƙware a wannan, har yabona ake yi. In na shige ɗaki na saki asabari kuwa, tafin ƙafarsa ma sai na sunsuna.

Uwar mijina, da muke ce wa Inna, ita ta karɓe shi. "Maigidana" take kiransa, tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba. Mace ce mai jiki, mai kirki, kuma Allah ya hore mata barci. Da an yi azahar ta sha furarta, sai ta saɓi yaron ta shige ɗaki, ta kwantar da shi a jikinta a kan gadon ƙasa, ta ja gwado mai kauri ta rufe su har ka saboda ƙuda. Inna ba ta barci a gefe ɗaya. Juyi take yi, hannunta ya tashi ya faɗi duk inda ya ga dama. Wata rana na leƙa na ga damtsenta kwance dab da hancin yaron. Tsoro nake ji ta danne shi, kuma ba ni da bakin faɗa. Surukar da ta ce wa uwar miji ta yi hankali da jikanta, ɗan fari kuma, ta gama zubar da mutuncin gidansu.

Sai na koma dabara. Na riƙa jan lokacin ba shi nono, yadda da Inna ta fara lumshe ido zai tsala kuka. Ta fito da shi tana mita.

"Ke wace irin ɗiya ce? Amshi ki ba shi ya sha."

"Inna, daka nike yi."

"Aje taɓaryar nan, ja'ira."

In karɓa ina kumbure-kumbure, in bi da shi bayan rumbu, ba zan dawo ba sai barcin ya kwashe ta ita kaɗai. An ɗan jima ana haka, har ta gane cewa yunwa ke tashin maigidanta, ta kafa dokar a cika masa ciki kafin ta shiga. Na koma sakin akuyar gidan daidai lokacin, in kora ta wajen shanyar gero a ƙofar ɗakin Inna. Akuyar ta sha zagi da jifa a kan laifin da ba nata ba, daga baya aka sayar da ita a Dutsin-Ma.

Dabarar da na fi alfahari da ita ita ce ta goro. Na sa mijina, da yake fataucin hatsi yake yi, ya riƙa kawo min goro in kai wa Inna bayan fura, don na ji an ce yana hana barci. Ta yi ta sa min albarka, tana gaya wa mutane ta yi dacen suruka. Ta ɓantari goronta, ta kwanta, ta yi barci da shi a kumatu.

Ranar da abin ya faru, 'yan'uwan Inna ne suka zo daga Kurfi ganin yaro. Mata cike da tsakar gida, ana ɓarar gyaɗa ana hira. Inna ta bar su ta shige da maigidanta kamar kullum, ba a jima ba minshari ya fara tashi. Ina zaune cikinsu, hannuna na ɓara, kunnena na ɗaki. Yaron yana da wani ɗan gurnani da yake yi in yana barci, na san shi ko cikin hayaniya. Sai na daina jin sa. Na tashi kamar zan ɗebo ruwa, na bi ta ƙofar. Inna ta juya gaba ɗaya, ban ga komai ba sai tudun gwado.

Ban yi sallama ba. Na fizge gwadon, na ture kafaɗar Inna da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na zaro shi. Ya jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa ya saki. Na fito da shi tsakar gida ina jijjiga shi, ina hura masa iska, ina kiran sunansa da ƙarfi a gaban kowa. Can ya ja numfashi ya callara kuka. Na manna shi a ƙirji ina kuka ni ma.

Matan ba su ga abin da na gani ba. Abin da suka gani shi ne uwa ta kira sunan ɗan fari tana rungumarsa. Wata ta riƙe haɓa, wata ta tafa hannu, aka kwashe da dariya. "Yaran zamani ke nan," in ji wata tsohuwa, "ido ya bushe." Na ji kunya, amma haushi ya fi yawa. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ɗankwali a hannu.

Bayan la'asar, da baƙi suka tafi, ta kira ni. Na tafi ina shirin shan faɗa. Na tarar ta juye audugarta daga wani faffaɗan kwando, ta ninke zane ta shimfiɗa a ciki sumul, ta ajiye shi a ƙasa nesa da gadonta. Ta karɓi yaron ta kwantar da shi rigingine, ba ta rufa masa komai a fuska ba.

"Daga yau nan za shi kwana," ta ce. "Ke kuma kullum in na shigo, ki biyo ni da mahuci ki kore mashi ƙuda. Ni na sa ki. Wanda ya yi magana ki turo mani shi."

Na ce to, kaina a ƙasa, ina danne murmushi. Na yunƙura zan tashi ta ce in zauna. Ta daɗe tana kallon kwandon.

"Mijinki ba shi ne na hwari ba," ta ce. "Akwai wani kahin shi. Uwar mijina ta shiga da shi, kamar haka. Na zo har bakin ƙohwa, na tsaya. Sai na ji kunya, na koma wurin dakana. Ba a hito da shi da rai ba."

Ta miƙo min maficin. Na karɓa na fara yi wa yaron fifita, ita kuma ta juya ta fuskanci bango.