Shanun Arɗo da Makullin Madatsa

Ban taɓa mantawa da ranin shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna ba, domin a cikinsa muka gama madatsar ruwa a gindin duwatsu, tsakanin Kankiya da Kusada. Ni ne heluma, wato shugaban leburorin En'e, hukumar gargajiya. Aikinmu mu tare wani kwari da ganuwar ƙasa, ruwan damina ya taru, bututu ya kai shi gari.

Ganuwa irin wannan sai an daɓe ta, in ba haka ba ta yoye, mu kuwa ba mu da injin daɓe. Na je wurin Arɗo Buba na roƙe shi ya riƙa koro shanunsa suna tattake kowane shimfiɗi na laka. Na yi masa alkawari, da sunan Allah, cewa shanunsa za su sha in ruwa ya taru.

Ruwa ya taru. Injiniya Bature ya sa aka kewaye shi da waya, ya ce na mutanen gari ne kaɗai. Makullin bututu kuma ya miƙa wa Lawal, wani ɗan ƙauyen Mawashi, wanda ni na ɗauko daga gona na koya masa riƙon diga. Dalili, wai ya iya karanta lambobin boko na sandar awon ruwa, ni kuwa ajami na sani. Aka ba shi kaki da keke. In ya wuce yana kaɗa ƙararrawa, sai in ji kamar a cikin haƙorina ake kaɗa ta. Nakan yi istigfari, abin ya lafa, gobe ya dawo. Gaisuwarsa ma da ƙyar nake amsawa.

Da rani ya zagayo ya tsananta, Arɗo ya zo ƙofar gidana, ya ƙi zama a tabarma. Ya ce, "Malam, kofaton shanuna ka ara, ko bakinka ka ba ni?"

Kwana da kwanaki na yi ina kewaya gidan Lawal, ƙafata ta ƙi shiga. Ashe labari ya kai masa. Ya same ni bayan sallar Juma'a, ya sauka daga keken tun daga nesa, ya durƙusa. Ya bayyana mini cewa doka ta ce a buɗe bututun ƙasa duk mako don a wanke laka, ruwan ya bi kwari ya tafi a banza, amma ba ta faɗi lokaci ba.

Sai ya ce, "Maigida, ka tambayo mini Arɗo, yaushe shanunsa ke biyowa ta kwari?"

Arɗo ya ce Asabar da hantsi. Ranar kuwa Lawal ya murɗa makulli. Na tsaya ina kallon shanu suna sha, Arɗo ya ɗaga mini sanda daga tsallake. Lawal ya ce, "Na rage bashin diga?"

Na ce ya biya duka, kada ya ƙara tada maganar.

Ku yaran yanzu, kada ku yi alkawari da ruwan da makullinsa bai zo hannunku ba. Ni Allah Ya rufa mini asiri ta hannun wanda nake jin zafinsa. Makullin dai har na bar aiki ban daina ganin ni na dace da shi ba.